Rumfar Kwana Casa'in

Takardar aiki ta ce: kwana casa'in,
sannan a kwance.
Na sa ɗana Modi ya sake karanta mini,
ko boko ne ke mini wasa da ido.
Ya ce, Baba, haka anka rubuta.

Ni Arzika ɗan Nomau magini,
soron da ubana ya ɗora a Rijiyar Ɗorawa
ya sha damina sittin bai durƙusa ba.
A gidanmu ba a sa wa gini ranar mutuwa.

Kulu mai zanen gine-gine,
wadda gidan nunin zane ya ɗauko,
ta shimfiɗa takarda a bayan mota,
ta danne ta da makulli da gorar ruwa.
Ta ce, ba ƙusa, ba siminti, Malam,
duk abin da hannu ya ɗaure
ya zama hannu na iya kwance shi.
Na ce, ɗiyata, wagga ai rumfar biki ce.
Ta ce, to, mu yi wa inuwa biki.

Munka shiga Kara neman azara,
zana daga Dundaye,
igiyar jar fata daga Madunka,
tuluna ɗari biyu ba ɗaya,
don ɗayan ya fashe a hanya
kuma direba ya rantse ba shi ba ne.
Munka jera su bango guda, muna jiƙa su da hantsi,
iska ta shigo da fushinta,
ta fita da ladabi.

Ranar buɗewa manyan riguna sunka zo,
anka yanke ƙyalle, anka sha lemo, anka ɗau hoto.
Wani mai tabarau ya tambaye ni me ginin ke nufi.
Na ce, dawo ƙarfe biyu na rana
a tsakiyar bazarar Sakkwato,
zai faɗa maka da kansa.

Da baƙi sunka watse, masu rumfa sunka iso:
'yan kabu-kabu da gardamar ƙwallonsu,
Inno mai kunun aya a ginshiƙi na huɗu,
'yan makaranta masu haddar jarrabawa,
da wani tsoho mai gyaran rediyo
da bai taɓa fashin barcin azahar ba.
Rana kan tsiyayo ta idon zana
ta zuba masa kwabbai a ƙirji,
ya farka ba ko sisi,
amma yana murmushi.

Kwana casa'in, ashe, numfashi ne.

Munka zo da tsani ranar Laraba.
Ƙullin da na yi da asuba ina waƙa,
shi na kwance da haƙori.
Modi ya kai ƙololuwa ya tsaya cak:
Baba, kurciya ta yi ƙwai biyu.
Kulu ta dubi takarda, ta dubi sama,
ta naɗe takardar ta sa a jaka.
Ginshiƙi ɗaya munka bari da ɗan rufinsa,
kwana ashirin da shida da babu su a kwangila,
har 'ya'yan sunka san hanyar darbejiya.

Yanzu tulunan na ƙofar masallatai suna shayar da mutane.
Zanar ta zama dangar Inno.
Azara uku na ɗakin jikata,
ita ba ta san sun taɓa shiga jarida ba.

Filin ya koma fili.
Awaki na kiwo inda anka yi jawabi.
Amma jiya na hau kabu-kabu,
na ji yaron yana ce wa wani a waya,
same ni a rumfa.
Da munka zo wucewa na duba.
Su biyar ne zaune bisa baburansu,
cikin rana tsaka,
daidai ginshiƙi na huɗu.